Yadda Muka Gano Fetur a Damari

Ƙanƙara

Ana idar da sallar asuba muka tashi a motar ofishinmu na gona, ni da direba Baba Iro da shugabanmu Malam Tukur, wanda bai daɗe da dawowa daga kwas a Turai ba. Aikinmu mu bi duk inda aka ɗebi ƙasa don awo, mu rubuta yanayin wurin a kati: tudu ne ko fadama, akwai rafi, dutse ko zaizaya. Wai wata na'ura ce da za a kai Kaduna za ta haɗiye katunan, ta faɗi takin da ya dace da kowace gona.

Faskari

Da hantsi muka isa gonar farko. Malam Tukur ya leƙo ta taga, ya dubi laka, ya dubi sabon takalminsa.

"Rubuta tudu."

"Yallaɓai, shinkafa ce a ciki, ruwa har gwiwa."

"Ni daga nan tudu nake gani."

Aka rubuta tudu. A kasuwar Yankara muka sha fura, shi kuwa ya buɗe kifin gwangwani, don cikinsa ya saba da Turai.

Damari

Labari ya riga mu isa, cewa gwamnati na haƙar ƙasa ne don neman fetur. Wani manomi, Alhaji Barau, ya sauke mu, ya kayar mana da rago.

"Malam, halan an ga wani abu cikin gonata?" in ji shi.

Na buɗe baki zan ce maganar taki ce, Malam Tukur ya taka mini ƙafa, ya jawo cinyar rago. "Sai abin da na'ura ta ce, Alhaji."

Da safe na ja Alhaji gefe na gaya masa gaskiya. Ya dafa kafaɗata yana murmushi. "Na sani, ɗana. Hana ku hwaɗi aka yi."

Sabuwa zuwa gida

Ruwa ya cinye hanya, don haka sauran katunan a rumfar mai shayi Malam Tukur ya cike su, yana tambayar masu shan shayi ko akwai dutse a garinsu. Muka iso Ƙanƙara da la'asar lafiya, godiya ga Allah da Baba Iro.

Na'ura ta isa Kaduna, ba a sami wanda ya iya kunna ta ba. Malam Tukur ya sami ƙarin girma. Alhaji Barau kuwa ya kewaye gonarsa da ƙaya, bai shuka ko ƙwaya ba a daminar nan, don kada dawa ta ɓata wa gwamnati fetur.