Turun da Aka Ce Ya Warkar da Ni

Damina biyu na yi da ƙafar dama a cikin turu. Wanda bai san turu ba, gungumen itace ne ake huda wa rami, a zura ƙafar mutum, a buga ƙarfe ya tare ta. Namu na kaɗanya ne. Yayana ne ya sare shi a gonarmu ta Gbalahi, shi ya fafe ramin, shi ya buga ƙarfen. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya danne mini ƙirji.

Ba zan ce lafiyata ƙalau aka kama ni ba. Gyaran babur nake yi a bakin titin Nyohini. Na daina barci. Na fara jin ana kirana daga cikin inji. Wata rana na bar kayan aiki a watse na kama hanya da ƙafa, sai bayan kwana uku aka tsinto ni. Ciwo ne, ban musa ba. Amma ko akuya ce ta kwanta, ana kiran mai duba dabbobi. Ni itace aka nemo mini.

A ɗakin ajiyar masara suka sa ni. Wani mai magani yana zuwa duk Laraba da hayaƙi da tsumagiya, ya ce iskar da ke kaina yake duka. Iska ba ta da baya. Nawa bayan ne ya fashe.

Wata nas ce ta gano ni. Awon jarirai ta zo yi a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanmu. Mutuniyar kudu ce, Kirista, Hausarta ta kasuwa. Ta ji ana jan abu mai nauyi a ƙasa, ta tambayi mahaifiyata.

"Mma, wane ne yana ciki?"

"Ba kowa."

"Ba kowa yana tari?"

Ta tura ƙofa ta shigo. Ba ta toshe hanci ba. Ta tsuguna ta duba gyambon ƙafata, sannan ta tambayi sunana. Na daɗe ban ji wani ya buƙaci sunan ba.

Bayan kwana biyu ta dawo da abokin aikinta mai kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ya yi mini tambayoyi, ya ce akwai magani, a cire ni a kai ni asibiti. Baffa ya ce maganin Bature ba ya kama iska. Yaya ya ce ba a gayyace su ba. Suka raka su har bakin hanya don su tabbatar sun tafi.

Mma ce ta bi su a ɓoye ranar kasuwa. Tun daga nan, in ta kawo mini koko da safe, akwai ƙwaya ɗaya fara a tafin hannunta, ƙarƙashin kwanon. Nas ɗin kuma tana leƙo ni duk ranar awo, in maza sun tafi gona. Muryoyin da ke kirana suka yi nisa, suka yi nisa, suka tafi. Na fara barci. Bayan wata huɗu na gaishe da Baffa gaisuwa cikakkiya, har na tambayi lafiyar shanunsa.

Aka zare ƙarfen. Aka yanka akuya. Baffa ya miƙe a gaban jama'a ya dafa gungumen ya ce, "Kun gani. Turu mai albarka."

Ban ƙaryata shi ba. Mma ta roƙe ni in rufa mata asiri, kada a ce ta zagaye mazan gida. Amma kada in ɗora mata duka. Ni ma ina da nawa dalilin. A wurinmu, wanda turu ya warkar ya warke ke nan, ana ba shi mata, ana ba shi babur ya gyara. Wanda yake shan ƙwaya kuwa mahaukaci ne da aka lallaɓa. Na zaɓi in zama warkakke.

Shekara goma sha ɗaya na yi haka. Na yi aure, na haifi uku. Ƙafar dama ta tsuke, har yau da hagu nake tayar da babur. Duk wata ina zuwa asibiti in karɓi magani, in ce wa mutane na tafi sayen kayan gyara. Ban da Mma, matata kaɗai ta sani.

Turun kuwa ya yi suna. Aka fara aronsa kamar turmi. Mutum zai zo ya durƙusa a gaban Baffa ya ce, "Wanda ya warkar da ɗanku muke so." An kai shi wa wani tsoho da ya fara ɓata a hanyar masallaci. An kai shi unguwar Choggu wa wata mai jego da ta ƙi ba jaririnta nono, tana ta kuka. Ranar ina zaune a wurin aikina aka wuce da shi a bayan keken kaya mai ƙafa uku. Direban har ya ɗaga mini hannu. Maganina yana cikin akwatin spana, kusa da gwiwata. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kwance taya.

Matar nan ta shekara a ciki. Na ji an ce da rarrafe ta fito. Ban taɓa ganinta ba, kuma ba ranar da ba na tuna ta.

Bara waccan ciwo ya kama Yaya. Gari ya ci gonarmu, an yanka ta filaye, ya rasa inda zai kai fartanyarsa. Ya fara da shiru. Daga baya ya daina barci, yana fita da safe ya yi noma a harabar gidajen mutane, yana faɗa da waɗanda ba a gani.

Baffa ya aiko a kira ni. Na isa da hantsi. Na tarar an fito da turun tsakar gida, an wanke shi. Maza huɗu sun riƙe Yaya a kan tabarma, bakinsa ya bushe, idanunsa suna yawo. Mma tana zaune a bakin ɗakinta, ta tsufa, ba ta gani sosai.

Baffa ya miƙo mini guduma. "Kai ka san shi. Kai za ka buga. Hannun wanda ya warke yana da sa'a."

Na kalli ramin. Gefensa ya yi santsi. Ƙafata ce ta fara goge shi.

Ba zan yi ƙarya ba, na riƙe gudumar nan na ɗan lokaci. Na tuna yadda Yaya ya buga nawa ƙarfen bai ko dube ni ba. Sannan na ajiye ta a ƙasa, na sa hannu a aljihu, na fito da takardar maganina da ƙwayoyin, na ɗora su a kan gungumen.

"Wannan ne ya warkar da ni. Shekara goma sha ɗaya ina sha. Itacen nan bai ba ni komai ba sai ɗingishi."

Baffa ya ɗauki ƙwayoyin ya jujjuya su.

"Ashe har yanzu mahaukaci ne kai."

"E, Baffa. Mahaukacin da yake gyara maka birki. Ka taɓa faɗuwa?"

Wani daga cikin masu riƙon ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"Wa ya ba ka wannan a cikin gidana?"

"Ni," in ji Mma daga bakin ƙofa. "A ƙarƙashin kwanon koko. Kuna can kuna yanka wa itace akuya."

Baffa ya ce an ci amanarsa. Ya ce in dai an fitar da yaron nan daga gidan, babu hannunsa. Yaron da yake faɗa ya haura hamsin.

Matar Yaya ta ce in ba shi ƙwayata ɗaya yanzu. Na ce a'a, kowa da nasa, sai an duba shi. Na ce ta ba ni zane. Na tayar da babur, aka ɗora Yaya a bayana, aka ɗaure mu tare a ƙugu kamar goyo, ita ta hau can baya ta riƙe shi. Duk hanya yana zagina. Na bar shi. Zagi ba ya tsuke ƙafa.

Nas ɗin nan ta daɗe da komawa garinsu. Wani ma'aikaci muka samu, wanda nake karɓar magani a hannunsa. Ya ba Yaya kujera. Ya tambayi sunansa. Layi ne dogo, wani watan kuma maganin yakan yanke sai mun nema a waje, ba zan ce Aljanna ba ce. Amma ƙafarsa ba ta shiga ramin ba.

Na rasa masu kawo mini gyara bayan labarin ya bazu. Wasu sun dawo, domin babur ba ya tambayar abin da makaniki ya sha da safe. Baffa ya hana a ƙona turun, yana nan a bayan ɗakin masara. Sau biyu aka zo aronsa. Duk biyun na tare su a ƙofa, na naɗe wandona na nuna musu ƙafar, na gaya musu ranar da ake ganin masu irin ciwonmu. Ɗaya ya je. Ɗayan ya tafi neman wani itacen.

Yaya ya samu sauƙi. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Duk wata nake zuwa in ɗauke shi. Watan jiya muna fitowa, maƙwabci ya tambayi inda muka nufa. Yaya ya matse mini ƙugu ya ce a hankali, "Ce masa kayan gyara."

Na ce, "Asibiti. Karɓar maganin ƙwaƙwalwa, mu biyu."

Na taka da hagu, muka tafi.