Kunnen Mai Aski

Mai aski ba ya fara aiki sai ya lanƙwasa kunnen mutum da yatsa, ya ɗan tsaya yana kallo. Masu zuwa shagonsa sun ɗauka tsantseni ne.

"Tsoho, aski na zo ko awon kunne?" in ji wani direba mai yawan tsokanarsa.

"Zauna daidai, kar in rage maka shi."

Kunnen mai askin na dama yana da 'yar tsaga a sama, haka aka haife shi. Inna, wadda ta ɗauko shi daga gidan marayu yana jariri, ba ta da ita. Cikin duk waɗanda ya yi wa aski ma, bai ga mai irinta ba.

Babbar 'yarsa ce ta kawo masa kwalbar gwajin asali.

"Baba, yawu kawai za ka tofa a aika. In wani danginka ya yi gwajin, za a haɗa ku."

Ya jujjuya kwalbar, ya tura ta aljihun teburin da ke ƙarƙashin madubi. "Inna tana kwance a ɗaki. A bari tukuna."

Aka bari, shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Da yamma yakan rufe shago ya je ya yanke wa Inna farce, tana masa faɗan ya rame. Sai bayan rasuwarta ya ɗauko kwalbar, ya juya wa madubi baya, ya tofa.

Gwajin ya haɗa shi da wata mata a gari mai nisa. Ta bugo waya.

"Baffa?"

Ba a taɓa kiransa haka ba.

Ta ce babanta, wansa ke nan, yana raye, sai dai ƙafa ta ƙi. Ya kuma hana kowa taɓa masa gemu, wai masu askin yanzu gaggawa gare su.

Mai aski ya yi dariya har da tari. "Ki ce wa Yaya ya bar shi haka. Ina tafe."

Ya lalubo tsohuwar askar da ya ajiye tun zuwan injin aski, ya jiƙa dutsen wasi, ya fara gogawa a hankali. Tarin nan ne ya kwantar da shi, bai kuwa tashi ba.

Da 'yarsa ta buɗe shagon, ta tarar da askar a kan dutsen. Gefe ɗaya ne ya wasu.