Rigar da Virgil Bai Kulle Ba

Ranar Talatar da ta wuce muka binne Virgil Hoskins a maƙabartar cocin da ke bayan tsohuwar masana'antar kujeru. Mutum goma sha tara ne suka halarta. Sau biyu na ƙirga. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ƙasa na zauren wasan Kwalejin Tolliver, a nan kudancin Indiana, yana wanke rigunan 'yan ƙwallon kwando, yana rataye wa kowa tasa a ƙugiyarsa kafin wasa. Ni kuwa, ban da lissafin da na koyar a sakandaren garin, ni ke riƙe littafin wasa a teburin bakin fili. Duk wanda ya shiga, da mintin da ya shiga, hannuna ne ya rubuta.

Dokar da ta mallaki rayuwar Virgil gajera ce. Ɗalibi yana da shekara biyar, zai buga huɗu daga cikinsu. Saboda haka koci kan ajiye sabon yaro shekara guda, ya yi atisaye, ya yi ƙwari, ya rage karatu, amma ba ya shiga gasa. Shi muke kira mai jar riga, ko da yake ban taɓa ganin jar rigar da idona ba. Idan ya taka fili ko na daƙiƙa ɗaya ne, shekarar ta ƙone.

Virgil ya ƙara tasa dokar a kai: mai jar riga ba shi da riga. A ƙarshen benci zai zauna cikin kayan gida. Ya koyi wannan a 1979, lokacin da wani koci ya sa shi rataye wa wani yaro, Dewey Crabtree, riga, wai don ya ji ɗumin jama'a kawai. Minti biyu Dewey ya buga. Bai gama karatu ba. A wurin fasa dutse ya ƙare. Shekaru da yawa, idan Virgil ya hango shi a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen.

A kakar 1998 mai jar rigarmu shi ne Cornell Pettiford, ɗan shekara goma sha takwas daga birnin Gary, dogo, siriri, mai karatun injiniya. Koci Rusk ya zauna a falon mahaifiyarsa, ya yi mata alkawarin shekara biyar cikakku, domin da irin atisayen da ake yi babu mai gama wannan karatu a huɗu.

"Baba Virgil, kullum ni ne mai tafi?" yakan ce idan ya sauko ɗakin wanki. "Hannuna har ya yi kanta."

"Tafi ba ya ƙona shekara, Dogo. Je ka ci abinci, kada iska ta ɗauke mana kai."

A watan Fabrairu mura da targaɗe suka rage mana 'yan wasa zuwa bakwai. An ci mu sau biyar a jere. Wata safiya Koci Rusk ya buɗe ƙofarsa ya tarar an kafa masa allon sayar da gida a kan ciyawarsa, kuma duk garin ya san ma'anar wannan allo: ya tattara ya bar gari. Ranar Juma'a da la'asar ina zaune da Virgil muna shan kofi da burodin masara, sai muka ji takun kocin a matakala.

"Virgil, gobe ka rataye wa Pettiford riga."

"Injin wanki ya cinye ta, Koci."

"Wannan injin naka ya fi ni cin abinci. Ba sa shi zan yi ba. Benci nake so ya cika, kada baƙi su yi mana dariya."

"Wancan ma haka ya ce."

"Wa?"

"Wanda ya zauna a kujerarka a saba'in da tara."

Kocin ya juya ya hau sama. Virgil ya tashi ya tattara duk wata riga da wando da ba su da mai sawa gobe, har tsofaffin da aka daina amfani da su, ya zuba a kabad ɗin ƙarfe, ya kulle, ya miƙo mini makullin.

"Riƙe, Farfesa. Ni ana iya laluba aljihuna. Kai kuwa wa zai taɓa malamin da ya kayar da rabin garin nan a jarrabawa?"

Wasan na ƙarfe biyu ne na ranar Asabar, amma sararin sama ya yi duhu kamar magariba, dusar ƙanƙara tana shirin sauka. Ƙugiya bakwai, riga bakwai. Cornell na ƙarshen benci cikin rigar sanyi da wandon gida. Na taɓa makullin a aljihuna, hankalina ya ɗan kwanta.

Saura minti ɗaya a tafi hutun rabin lokaci, babban ɗan wasanmu, Harlan Teague, ya sauko daga tsalle a kan ƙafar wani. Har teburina na ji ƙarar. Aka ɗauke shi zuwa ɗakin canza kaya, aka tuɓe masa kayan wasa, aka lulluɓe shi da bargo. Virgil, wanda ba ya barin jiƙaƙƙiyar riga ta yi minti biyar a ƙasa, ran nan ya riƙe kan yaron har bakin motar asibiti, ya tsaya a waje yana lallashin mahaifiyarsa.

Da aka dawo daga hutu, Cornell ya fito sanye da rigar ɗumama jiki, ya ja zif har wuya. Na dubi ƙasa: ƙwaurinsa a buɗe, gajeren wandon wasa ne a jikinsa.

Saura minti tara, ɗan wasanmu ɗaya ya cika laifi biyar, aka fitar da shi. Muka rage biyar, babu canji. Kowace busa ta alƙalin wasa sai zauren ya yi tsit. Ina rubutu, ina duban ƙofar da Virgil ya fita. Saura daƙiƙa hamsin da ɗaya, ana gabanmu da maki uku, aka sake busa, wani ya cika nasa biyar.

Doka ta yarda a ƙarasa da mutum huɗu. Koci Rusk bai kira sunan kowa ba. Juyawa kawai ya yi ya dubi ƙarshen benci. Cornell ya miƙe ya zuge zif. Rigar Harlan ce, lamba hamsin da biyu, jiƙe da gumin wani, tana reto a kafaɗunsa. Jama'a suka ɗauki ihu.

Ya durƙusa a gaban teburina.

"Cornell, ka yi lissafin?"

"Na yi, Malam."

"Mahaifiyarka fa?"

Alƙali ya ce za a ci mu tarar jifa biyu tunda sunan ba ya cikin littafi, ya ƙwanƙwasa teburin da yatsa. "Malam, muna jira."

Na rubuta. Aikina ke nan, kuma ban taɓa rubuta ƙarya a littafin nan ba. Da na ɗago kai, Virgil na tsaye a bakin ƙofa, ƙanƙara a kan hularsa, takalmin Harlan ɗaya a hannunsa.

Cornell bai ko taɓa ƙwallo ba. An ci mu da maki shida. A watan Maris aka sallami kocin.

Yaron ya buga sauran shekarunsa uku, ya kuma yi kyau ƙwarai. Tallafin karatunsa ya ƙare a 2001, saura masa darasi takwas. Ya koma Gary, ya kama aiki a masana'antar ƙarfe. A makon da ya tafi Virgil ya ajiye aiki. Bai taɓa tambayata makullin ba. An ce sai da aka fasa kabad ɗin.

A wurin jana'izar, cikin mutum goma sha taran nan, akwai wani dogo mai furfura a gemu da ya tsaya can baya. Da aka watse ya zo ya ba ni hannu, sai na gane Cornell ne.

"Malam, daƙiƙa nawa ne ma?"

"Hamsin da ɗaya."

"Haka Baba Virgil yake rubuto mini duk shekara a katin Kirsimeti," ya ce. "Na sha gaya masa ni na ɗauki rigar da hannuna. Bai taɓa yarda ba."