Kiran da Ya Shiga Kasuwar Rum

Duk wanda ya taɓa zuwa suna ko biki a cikin masu jin Hausa na Greensboro ya san Baba Sulley, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke zama dab da lasifika yana yamutsa fuska idan ta yi tsuwa, har sai ya tashi ya gyara ta ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Ɗan zangon Kumasi ne, a ƙasar Gana. Gyaran rediyo ya koya tun yana saurayi, ya zo Amurka da niyyar yin shekara biyu, ga shi yau har da jikoki. Aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito da ke titin Wendover. Ba shi da yawan magana, matarsa Hajiya Ruqaya ce ke yi musu su biyu. Amma Allah ya ba shi kunne.

Ni sunana Nanven, 'yar Langtang ce, aikin jinya nake yi. Ni ce kuma na jawo shi cikin wannan harka. Na rubuta wasan kwaikwayo na saurare da muke sakawa a intanet, labarin wata nas mai suna Celina da na'urar ɗaukar hoton asibiti ta lalace da ita a ciki, ta buɗe ido ta gan ta a birnin Rum, shekara dubu biyu baya. Ni nake fitowa a Celina, mijina Nathan ke riƙe da kwamfuta. Muna ɗauka ranar Asabar da la'asar a garejinmu da ke Pleasant Garden, don can sai ka daɗe mota ba ta wuce ba.

Sauti ne ya gagare mu. Nathan ya ɗebo na intanet, Baba Sulley ya saurara a wayar matarsa ya aiko mana cewa dokin sojan Rumawan nan namu a kan kwalta yake gudu. Na ji haushi, na ce to ya zo ya yi mana. Ashe abin da yake jira ke nan. Ya zo da ɓawon kwakwa, da sarƙar keke, da tsofaffin takalman fata, da tire cike da tsakuwa. Idan ka rufe ido a garejin nan sai ka rantse runduna ce ke wucewa. Daga baya na ba shi rawar Markus, tsoho mai sayar da man zaitun, wanda ya ɓoye Celina a rumfarsa.

Abu ɗaya ne bai iya yi da hannu ba, hayaniyar kasuwa. Ya ce a nan ƙasar babu taron da ba a jin inji a bayansa. Sai ya sa ƙanensa Hardi ya ɗauko mana a lungun gidansu na Kumasi, inda mata ke sayar da koko da ƙosai, lungun da ko babur ba ya shiga. Nathan ya dusashe sautin yadda ba za a gane kalma ko ɗaya ba, ya zama guna-gunin jama'a kawai.

A wurin da muke ɗauka ran nan, Celina za ta ratso kasuwa a guje ta ƙwala wa Markus kira, shi kuma ya ce na'am. Layinsa ke nan duka. Muka sa abin ji a kunne, Nathan ya saki hayaniyar. Kafin in buɗe baki, sai muryar wata tsohuwa ta fito tar daga cikin guna-gunin, tana jan wani suna a hankali: Sulemana. Cikakken sunan Baba Sulley ke nan.

Na yi kirana, Baba Sulley bai amsa ba. Na duba na ga ya dafe tiren tsakuwa da hannu biyu, yana kallon bango. Nathan ya mayar baya, muryar ta sake fitowa. Ya ƙara dusashe sautin har masu koko suka koma kamar ruwa na zuba a bokiti, ita kuwa tana nan yadda take, kamar a bakin ƙofar garejin mai ita ke tsaye. Na dake na ce ai Sulemana sun yi yawa a zango, wata ce ke kiran jikanta.

Baba Sulley ya ce haka ne, sun yi yawa. Sannan ya ce, "Muryar Mma ce."

Mahaifiyarsa ta fi shekara goma da rasuwa. Lokacin takardunsa na zama a Amurka ba su fito ba, bai je jana'iza ba, a waya ya karɓi gaisuwa. Ya gaya mana cewa shi ne ɗanta na fari, don haka har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunansa ba saboda kunya, sai dai ta ce kai wannan. Yau ne karo na farko da ya ji sunan a bakinta. Kuma ita ce ta hore su tun suna yara, idan ka ji an kira ka ba ka ga mai kiran ba, kada ka kuskura ka amsa, don wanda ya amsa ya bi. Mu ma haka aka gaya mana a Langtang.

Muka kira Hardi. Ya saurari nasa a wayarsa muna kan layi, ya ce shi dai bai ji an kira kowa ba.

Nathan ya ce abu ne mai sauƙi, zai yanke wurin. Baba Sulley ya ɗaga masa hannu, ya ce a yanke komai ban da wannan. Na ce to mu sauya layin, Markus ya yi tari kawai. Ya ce a'a, yanzu ba maganar Markus ake yi ba. Ya tattara takalmansa ya tafi.

Asabar ta zagayo bai zo ba. Hajiya Ruqaya ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce mun sa mata miji ya daina cin abinci, yana zama a mota a gaban gida da waya a kunne. Ta ce ta roƙe shi don Allah don Annabi kada ya amsa, shi kuma ya ce mata yaya uwa za ta kira ɗa ya yi mata shiru, bayan ya riga ya yi mata shiru sau ɗaya. Na tausaya mata, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Wata Asabar sai ga shi da farar riga, ya yi aski. Ya ce a ɗauka. Na ce Baba, wasan nan bai kai haka ba, mu bar shi. Ya ce in tsaya wurina. Nathan ya dube ni, na dube shi, ya danna. Kasuwa ta cika mana kunne, muryar ta ja sunan.

"Na'am, Mma," in ji Baba Sulley.

Ya karkata kai yadda yaro ke yi idan ana ba shi aike. Ni dai guna-guni kawai nake ji, Nathan ma ya ce haka. Shi kuwa yana gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce yoo, ya ji, ya cire abin kunnen ya ajiye. Na tambaye shi me ta ce.

"Ta ce in shigo gida, magariba ta yi."

Bai cika wata guda ba ya ajiye aikin sito, ya sayi tikitin zuwa Gana kawai, babu na dawowa. Hajiya Ruqaya ta ƙi binsa, ta ce jikokinta na nan, kuma tun ranar ba ta amsa gaisuwata. Hardi ya ce lafiyar yayan nasa lau, yana wuni a bakin lungun yana gyara wa mutane rediyo, idan rana ta faɗi ya shige ɗakin mahaifiyarsu. Mun saki wasan da muryar tsohuwar da amsar Baba Sulley a ciki, yadda ya buƙata. Amma har yau, duk sanda lambar Gana ta bayyana a wayata, sai in tsaya ina kallonta tana ƙara, ina tsoron labarin da za a ba ni, kafin in iya ɗauka.