Shafin da Ban Karanta Ba

Ranar Talata, takwas ga watan Yuli, da hantsi, 'yarki Kerryn ta kira ni a waya daga garin Queanbeyan ta ce kin rasu, Glenys. Ciwon hanjin da kika ɓoye mana tun bara shi ne ajali. Ina lambun bayan gidana a garinmu Huonville ina datse rassan tuffa. Na ajiye almakashin na zauna a ƙasa, duk da sanyin hunturun da ake yi a ƙasarmu a wannan wata.

Shekara talatin da ɗaya kina hidima a zauren Majalisar Dattawa. Ke ce mai kawo mana ruwa, mai kai takarda daga wannan kujera zuwa waccan, mai rufe ƙofa idan ƙararrawar ƙuri'a ta cika minti huɗunta. A zauren nan duk abin da sanata ya furta, ko da shirme ne, sai an rubuta shi a kundin majalisa ya zauna har abada. Ku masu hidima kuwa ba ku da baki a ciki.

A makona na biyu a majalisa kika rufe mini ƙofa a fuska, saura taku uku in shiga. Na fito da ido ina huci. Da aka buɗe kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Sanata, ƙararrawa ba ta san ka ci zaɓe ba. Gobe ka bar cin kek ɗin nan ka taho." Wallahi kwana biyu ban gaishe ki ba. Amma ban sake makara ba a shekara goma sha biyu.

Ranar da matata Robyn ta yanke jiki ta faɗi, ke aka ba takardar saƙon. Ina tsaye ina magana a kan dokar kamun kifi. Kika tsaya a gefena har na kai aya, kika ajiye takardar a kife, kika ɗora hannu a kanta kika ce a hankali, "Taso mu fita tukuna." Sai da muka kai baranda kika bar ni na karanta, kuma kin riga kin sa an kawo mota. Na iske Robyn da sauran numfashi, sa'a ɗaya kafin ta cika. Wannan sa'a ɗaya ke kika ba ni ita.

Abu ɗaya kika taɓa roƙona. Da jam'iyya ta mayar da sunana ƙasan jerin 'yan takara na faɗi zaɓe, kika same ni ina kwashe takardu. Kika ce, "Idan za ka yi jawabin bankwana, ka faɗi sunana cikakke. Jikata Tahlia tana bincika kundin nan don aikin makaranta, ta ce babu ni." Kika yi dariya kamar wasa ne. Na ce, "Haba Glenys, wannan har sai kin roƙa?" Na rubuta ki a shafi na ƙarshe, don a rufe da ke.

Ranar ta zo. Al'ada ce mai tafiya ya gode wa kowa, daga akawun majalisa har masu shara da direbobi. Na fara lafiya lau. Sai na ɗaga kai na hango mutanen da suka yi mini yankan baya suna gyaɗa kai kamar masoya. Zuciya ta ɗebe ni. Na ajiye takarda na shiga caccakar su, minti ashirin cur. Kin cika mini kofi sau uku, ban ko dube ki ba. A ƙarshe na ce, "da dukkan ma'aikatan zaure," na zauna ana tafi, ina jin kaina gwarzo.

Sai da na koma ofis na ga shafin. Na ruga wajen masu rubuta kundi. Babbarsu ta ce, "Sanata, ka fi ni sanin doka. Kuskure muke gyarawa, ba ma ƙara abin da ba a faɗa ba." Gaskiya ta faɗa, kuma majalisa ba ta sake zama ba kafin wa'adina ya ƙare.

Na same ki kina tattara kofuna. Kafin in buɗe baki kika ce, "Ka sha mini ruwa kofi uku kana zagin mutane. To, ka huce?" Na ce zan sa wani ya ambace ki a zaman watan Agusta. Kika ce, "Agusta da nisa, Sanata." Na ɗauka zolaya ce irin taki. Ashe ke kin san abin da likita ya gaya miki.

Kunya nake ji, Glenys, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya saka miki da irin tausayin da kika nuna mini a barandar nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kerryn da mijinta, da abokan aikinki da kullum suke tsaye a bakin ƙofa. Allah ya ba ku haƙuri.

Ke kuma Tahlia, na sa shafin a ambulan na aiko miki. Layi huɗu ne da rubutun hannuna, suna farawa da Glenys Maureen Treloar. Idan kika sake duba kundin ba ki ga kakarki ba, kada ki ce ba ta yi komai ba. Tana nan tsaye da tulun ruwa a hannu, ni ne ban juya shafin ba.