Na Ɓoye Gogen Mahaifina

A lokacin ina ɗan shekara talatin, ina aikin kai abinci a wani otal kusa da unguwar Al Karama a Dubai. Mahaifina makaɗin goge ne. Saboda sana'arsa aka hana ni yarinyar da nake so, iyayenta suka ce ba sa haɗa jini da maroƙa. Da wannan haushin na taho Dubai, na kuma rage kiran Baba.

A otal ɗin akwai wani tsoho, baƙar fatar Amurka, mai busa saksafon, wata irin algaitar Turawa, cikin masu kiɗan da ake kira jaz. Wata rana da la'asar ya ji ina Hausa a waya, ya tambaye ni daga ina nake. Daga nan muka saba. Yakan ba ni labarin samartakarsu, lokacin da baƙaƙe suka tashi suka ce sun gaji da raini. Ya ce su makaɗa suka yar da sunayen da masu bayi suka laƙaba wa kakanninsu, suka koma sa riguna irin namu, suka shigar da ganguna cikin jaz, suka buɗe wuraren wasa na kansu don kada Bature ya riƙa gaya musu abin da za su busa.

Ran nan ya roƙe ni, in na san wani makaɗi a garinmu in haɗa su ko a waya ne, don tun yana saurayi yake neman sautin da aka raba su da shi. Na buɗe baki na ce mu gidan malamai ne, kiɗa a wurinmu sana'ar ƙasƙantattu ce. Ya daɗe yana kallona. Bai sake tayar da maganar ba har kwantiraginsa ya ƙare ya koma.

Bayan wata huɗu yayana ya kira ni ya ce Baba ya rasu. Ya ce har a gadon asibiti Baba yana tambaya ko na ji kiɗan da yake turo min ta waya, wanda ya tsara musamman don Allah ya dawo da ni lafiya. Wallahi duk saƙon da na ji ƙarar goge a farkonsa sharewa nake yi. Ko ɗaya ban bari ba.

Mutanen da aka raba da asalinsu da ƙarfi suna nemansa ido rufe, ni kuwa da hannuna na yar da nawa saboda maganar mutane. 'Yan'uwa, kada gori ya sa ku ji kunyar sana'ar da aka ciyar da ku da ita. Wanda iyayensa ke raye ya kira su yau. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mini.