Hancin Haji Gasant

Matar ta fara sosa wuyanta ne tana dariya, shi ya sa ba wanda ya kula. Sai da ta ce, "Haji, me ke cikin wannan turaren?" muryarta ta fito a shaƙe kamar an matse mata maƙogwaro, sannan Ruwayda ta ɗago kai a bayan labule. Ta san abin da ke ciki. Ita ta haɗa shi da hannunta ranar Laraba.

"Sirri ne, 'yata," in ji Haji Gasant, yana shafa gemu. "Mai miya ba ta faɗin abin da ta jefa a tukunya."

Shekara talatin da ɗaya ke nan Haji Gasant yana sayar da turare a rumfa ɗaya a kasuwar Gatesville, tsakanin mai yadi da Anti Kulsum mai fanken kirfa da kwakwa. In ta bakinsa za a bi, duk Cape Town babu hanci irin nasa. Ba ya tambayar mutum abin da yake so. Kallonka zai yi, ya lumshe ido, ya karanta maka halinka, sannan ya cafke hannunka ya dangwala maka abin da ya ce ya dace da kai, ka so ko ka ƙi. Kwalabensa ba su da rubutu. Rubutu, in ji shi, na masu kantin magani ne.

Hancin nan kuwa ya mutu shekara huɗu da suka wuce, bayan wata doguwar mura. Ruwayda, 'yar ƙanensa, ta gano haka a makonta na farko a rumfar, ranar da man Anti Kulsum ya ƙone, kasuwa ta ɗauki tari, shi kuwa yana zaune yana yabon iskar safiya. Ta gama digirinta na ilimin sinadarai, ta aika takardun neman aiki har ta gaji, babanta ya ce ta je ta kama wa baffanta kafin Allah ya kawo. Tun daga nan ita ke awo, ita ke haɗi, ita ke shinshinawa a bayan labule. Shi nasa lumshe ido. Ta kuma lura da abin da yake karantawa kafin ya lumshe ɗin: takalmi, jaka, da makullin mota.

Abin alfaharinsa shi ne turaren kaka, wanda yake fitarwa a watan Afrilu, lokacin kaka a wannan ƙasar, in ganye ya fara zuba, sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kirfa ne da kanumfari da gyaɗar ƙamshi da ɓawon lemo da ɗan sandal, a jiƙe cikin man soyayyiyar gyaɗa wanda ba a tace ba. Man nan ne ke ba shi ɗumin da ke sa mutum ya tuna ɗakin girkin kakarsa. Yakan ce a mafarki aka ba shi haɗin, a Makka. Ruwayda ta gan shi a littafin girkin marigayiya matarsa, da rubutunta, a bayan shafin alkaki.

"Wannan ba na kowa ba ne," haka yake farawa. "Na wanda ba ya gaggawa ne. Wanda gidansa ba ya rabo da baƙi. Wanda in an ɓata masa rai sai ya ɗora shayi." Ya faɗa wa wani lauya haka, mutumin yana zagin direbansa a waya. Ya faɗa wa wani mai gidajen haya da ya watsar da kayan tsohuwa a titi. Anti Kulsum kuwa, wadda rabin yaran layin suka girma da ragowar fankenta, da ta miƙa hannu sai ya janye kwalbar.

"Ke na fure ne ya dace da ke, Kulsum. Mai sauƙi."

"Mai araha dai kake nufi, tsohon banza. Hancin da bai ji ƙaurin mai ba shi zai ji halina?"

Sau biyu Ruwayda tana yi masa maganar man. "Baffa, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. Ko taɓa leɓensu ta yi, sai asibiti. Wasu ba sa kaiwa."

"Gyaɗa? Da tuni birai sun ƙare a duniya. Kuɗin ubanki kawai suka ci a jami'ar nan, suka koya miki tsoro."

Ta buga 'yan takardun gargaɗi don a manna a kwalabe. Ya ninke su ya tokare ƙafar tebur da ke rawa. Ba ta sake buga wasu ba. Ranar Laraba ta sake haɗa kwalba arba'in, ta jera.

Matar, Babalwa, malamar firamare ce daga unguwar Langa. Ba turare ya kawo ta ba, mayafi ta zo saya wa mahaifiyarta a rumfar mai yadi. Laifinta makullin mota da ke lilo a yatsanta. Haji ya lumshe ido.

"Ke uwar mutane ce. Na gani tun daga nesa."

"Uwar 'yan aji uku dai, Haji, su talatin da tara," ta ce tana dariya.

Ya riga ya kama hannunta. Ya shafa turaren kaka a bayan hannun, ya shafa a gefen wuya, ya tura hannun zuwa hancinta har ya goge leɓenta. "Shaƙa. Ki ji kanki."

Minti uku ba a yi ba ta yi tambayar nan ta abin da ke cikin turaren. Leɓenta ya fara kumbura, borin jini ya feso mata har kunne.

"Gyaɗa ce!" Ruwayda ta yaye labule ta fito. "Man gyaɗa ne, Malama!"

"Rufe min baki," Haji ya ce ƙasa-ƙasa. "Kasuwa na ji."

Babalwa ta zube kan kujerar mai yadi, tana nuna wajen ajiye motoci, tana cewa allura, allura. Ruwayda ta fizge makullin ta ruga tana danna shi har wata farar mota ta amsa a can ƙarshen layi. Allurar gaggawa da masu irin wannan lalurar ke yawo da ita na cikin aljihun gaban motar. Da ta dawo, Anti Kulsum ta wanke wa matar wuya da sabulu, ta kira motar asibiti, tana riƙe da kan matar a cinya. Ruwayda ta caka allurar a cinyar Babalwa.

Haji Gasant ma bai zauna ba. Ya kwashe kwalaben kaka ya tura ƙarƙashin tebur, ya ja tsumma ya rufe, ya fito yana gaya wa 'yan kallo cewa ƙila fanken Kulsum ta ci.

"Allah ya isa, Gasant," in ji Anti Kulsum, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ruwayda ta bi motar asibitin. Ta rubuta wa likita duk abin da ke cikin turaren a bayan wata takardarta ta neman aiki, ta sa sunanta a ƙasa, ta ce ita ta haɗa. Aka shige da Babalwa, aka rufe ƙofa.

Wajen la'asar wayarta ta yi ƙara. Baffa ne. Ta ɗauka da sauri, tana zaton zai tambayi jikin matar.

"Ruwayda, da kika rubuta musu, kin sa har da awon kanumfarin? Kin san likitocin nan, wani matarsa na sayar da turare."

Ta kashe wayar.

Har yanzu hannun rigarta na ƙamshin kirfa. Ta wanke sau uku a famfon asibitin bai fita ba. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo sau ɗaya, ta ce an sa wa matar bututun numfashi, a jira. Ƙarfe biyar ta wuce. Likita bai fito ba tukuna.